RA'AYINMU: A Sayo Wa Jiragen Yaƙinmu Kunne Kafin A Ƙara Musu Makami

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gidigir ya san cewa ba da harshe ɗaya ake ciniki a cikinta ba. Bamange zai zo da kanwa da dabino, Bafulatani ya koro shanu da tumaki, Batube ya jawo raƙumi, mata su kasa tattasai da kuka da daddawa, ga kuma baƙi daga Najeriya da nairarsu a aljihu suna neman bisashen da za su loda zuwa Maigatari. Abin da ke hana wannan taro watsewa ba tare da an ƙulla ciniki ba shi ne dillali, mutumin da ke jin Hausa da Barbarci da Fulatanci, ya ji ta bakin wannan ya faɗa wa wancan, har a kai ga sallamawa. Ranar da babu irinsa, mai kaya da mai saye sai su yi ta nuni da yatsu, ƙarshenta a rabu da ɓacin rai, ko kuma a yi rigima a kan abin da ba a fahimta ba.

Mun soma da wannan misali ne saboda maganar da za mu yi a yau, wato maganar rediyon da ke cikin jiragen saman soja, da yadda za a yi su riƙa jin junansu, su kuma riƙa jin sojan da ke ƙasa. Mun san wata za ta ce ina ruwan mai tallar tattasai da rediyon jirgin yaƙi, ai wannan zancen manyan hafsoshi ne a Yamai. To, a namu ganin, babu wanda maganar ta shafa kamar ɗan kasuwa da ƴar kasuwa, domin kuwa su ne kullum a kan hanya, su ne ke taruwa da yawa a fili guda a rana guda, su ne ke tafiya cikin ayarin motoci da amalanke. Daga can sama kuwa taron masu neman halaliyarsu da taron miyagu ba su da wani bambanci a ido, sai fa in an samu wanda ya yi wa matuƙin bayani kafin ya saki abin da ya ɗauko.

Wannan ba zato muke yi ba, abu ne da ya riga ya faru. A ranar 17 ga watan Fabrairun 2015, wani jirgi ya jefa bam a kan masu zaman makoki a garin Abadam da ke kan iyakarmu da Najeriya a jihar Difa, mutane 36 suka rasu, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku, amma sanarwarta ta ce jirgin ba a gane ko na wane ne ba. A ranar 18 ga Fabrairun 2022, a ƙauyen Nacade na gundumar Madarunfa, bam ya faɗa kan yara, inda gwamnan jihar Maraɗi ya ce yara 7 sun rasu, 5 sun jikkata, ya kuma danganta abin da kuskuren jirgin Najeriya da ke farautar ƴan bindiga. A can ƙetaren iyaka ma haka ne. Jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam a sansanin ƴan gudun hijira na Rann a ranar 17 ga Janairun 2017, mutane fiye da 100 suka halaka. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, a daren 3 ga Disamban 2023, jirgi maras matuƙi ya kashe aƙalla mutane 85 a wurin Mauludi, kuma sai da rundunar sojan sama ta fito ta ce ba ita ba ce, sannan rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa nata ne.

Ba mu ce rediyo ne kaɗai ya jawo waɗannan masifu ba. Akwai labarin ƙarya da ake kai wa soja, akwai taswirar da ba a sabunta ba, kamar yadda hukumomin sojan Najeriya suka ce sansanin Rann ba ya cikin taswirar da aka yi aiki da ita, akwai kuma gaggawa. Amma duk wanda ya duba zai ga cewa rediyo shi ne ƙofa ta ƙarshe da ake iya tsayar da kuskure. Tsakanin lokacin da matuƙi ya hango taro da lokacin da ya danna, in akwai sojan da ke ƙasa da zai iya ce masa ya dakata, waɗannan masu jana'iza ne, ko kuwa yau ranar kasuwa ce, to an tsirar da rayuka. In babu wannan murya, sai abin da Allah Ya yi.

Mu da muke aikin gidan rediyo mun san yadda abin yake, bari mu yi bayaninsa da misalin akwatin da ke rataye a rumfarku. Tashoshin FM da kuke kamawa suna zaune ne tsakanin megahaz 87.5 da 108. Duk yadda kika juya makamar akwatin da aka ƙera domin FM kaɗai, ba zai kamo miki tashar gajeren zango ba, domin ba a yi shi don haka ba. Haka yake a wurin soja. Jiragen fasinja da hasumiyar filin jirgi suna magana ne tsakanin megahaz 118 da 137. Jiragen yaƙi na ƙasashen Yamma suna da nasu zangon, daga 225 zuwa 400. Rediyon da sojan ƙasa ke goyawa a baya ko ya ɗora a mota, yawanci yana aiki ne daga 30 zuwa 88, kuma salon da yake ɗaukar murya da shi dabam yake da na jirgi. Ke nan mutum biyu suna iya kasancewa a yaƙi ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna ganin juna amma ba su jin juna.

Bayan zango kuma akwai kulle. Soja ba ya son abokin gaba ya saurari maganarsa ko ya toshe ta, don haka rediyonsa yakan rikita murya ta yadda sai mai mabuɗin sirri ne zai gane ta, yakan kuma yi ta tsalle daga wannan zango zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. Kafin rediyo biyu su ji juna a irin wannan hali, dole ne su kasance da tsarin tsalle ɗaya, da mabuɗi ɗaya, da agogo ɗaya. Kowace ƙasa mai ƙera makamai kuwa tana da nata tsarin, kuma ba ta ba da shi ga kowa. In tsari ya saɓa, abin da ya rage shi ne a yi magana a fili ba kulle, wanda ke nufin duk mai kunne zai ji.

Yanzu mu dubi namu jiragen. Daga 2013 zuwa 2022 Nijar ta samu jiragen yaƙi biyu samfurin Su-25 daga Yukren, da jirage masu saukar ungulu ƙirar Rasha, da wasu samfurin Gazelle daga Faransa, da ƙananan jiragen Cessna 208 daga Amurka, da manyan jiragen dakon kaya C-130 waɗanda na farkonsu ya iso a Janairun 2021, da kuma jirage marasa matuƙa Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022. Kowane ɗaya daga cikinsu an ƙera shi ne bisa al'adar ƙasar da ta yi shi. Wannan fa ita ce kasuwar Gidigir a sararin sama, kowa da harshensa. Bugu da ƙari, sojojin Faransa sun fice daga ƙasar nan a Disamban 2023, na Amurka sun kammala ficewa a Satumban 2024, sun tafi da jiragensu da na'urorinsu na sadarwa. Ƴancin kai abu ne mai kyau, amma yana zuwa da nauyi, domin aikin haɗa sama da ƙasa ya dawo kacokan a wuyanmu.

Kada a ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. A 1983, lokacin da Amurka ta kai yaƙi tsibirin Girenada, sojojinta na ƙasa sun sha wahalar magana da jiragen ruwanta saboda rediyonsu bai dace da juna ba. A ranar 14 ga Afrilun 1994, jiragen yaƙin Amurka biyu samfurin F-15 sun harbo jirage masu saukar ungulu biyu na ƙasarsu a arewacin Iraƙi, mutane 26 suka mutu, kuma bincike ya nuna cewa a lokacin ba a kan zango ɗaya suke magana ba. A nan gida, a kwanton ɓaunar Tongo Tongo na ranar 4 ga Oktoban 2017, inda aka kashe sojojin Amurka 4 da namu aƙalla 4, jiragen Mirage na Faransa sun iso wurin ɗauke da makamai, amma da yake ba su da sadarwa da waɗanda ke ƙasa kuma ba su iya bambance aboki da abokin gaba ba, sai suka yi ta shawagi ƙasa-ƙasa domin tsorata maharan. Jirgi ya zo, makami na nan, abin da babu shi ne magana.

To mene ne maganin da masana suka samo? Shi ne abin da za mu kira rediyo mai manhaja, wanda suke taƙaita sunansa da haruffan SDR. Rediyon da muka saba da shi, aikinsa a jikin ƙarfensa yake, in kana son ya yi wani aiki dabam sai ka sayi wani. Shi kuwa wannan, kwamfuta ce a cikinsa ke yin mafi yawan aikin, ita ke tantance zango da salon murya da tsarin tsalle da kulle. In ana so ya yi magana da sojan ƙasa, sai a loda masa manhajar wannan tsari, in ana so ya yi magana da jirgin maƙwabta, a loda masa tasu, duk a akwati ɗaya. Kamar salular zamani ce da ke hannunku, wadda yau a saka mata manhajar aika kuɗi, gobe a saka mata ta aika murya, ba tare da an sake sayen wata ba. A taƙaice, dillali ne da ake iya koya wa sabon harshe a duk lokacin da sabon baƙo ya shigo kasuwa. Ga jirgi kuwa wannan babbar riba ce, domin wuri da nauyi da wutar lantarki duk a ƙididdige suke, akwati ɗaya ya fi huɗu sauƙin ɗauka. Kuma ba murya kaɗai yake kaiwa ba, yana iya aika wa matuƙi ainihin wurin da sojojinmu suke, ta yadda zai gani da idonsa a allonsa.

Sai dai muna jan kunne, kada a ɗauka da an biya kuɗi an gama. Amurka ce ta soma gwada wannan fasaha a farkon shekarun 1990 a wani shiri mai suna SpeakEasy, sannan a 1997 ta buɗe babban shirin JTRS domin samar da rediyon da zai haɗa dukkan rundunoninta. Aka yi ta ɗora masa buri har ya fi ƙarfinsa, a 2011 aka soke babban ɓangarensa na rediyon motocin yaƙi bayan an kashe kimanin dalar Amurka miliyar 6. Su kuwa ƙasashen Turai shida, wato Faransa da Italiya da Sifen da Folan da Finlan da Suwidin, sai suka bi wata hanya a shirinsu na ESSOR: kowa ya riƙe kamfaninsa da rediyonsa, amma a yarda da harshe ɗaya da za a loda wa kowanne. Darasin da ke nan a fili yake, kuma duk ƴar kasuwa ta san shi. Ba lalle ne kowa ya sayi tiya a wurin maƙeri ɗaya ba, amma dole ne tiyar ta zama mai cin awo ɗaya, in ba haka ba babu ciniki.

Akwai ramuka uku da muke gudun a faɗa. Na farko shi ne mabuɗi. Wanda ya sayar maka da rediyo ya riƙe manhajarsa da mabuɗin sirrinsa, to shago ya sayar maka ya tafi da makulli, ranar da kuka ɓata sai ya bar ka a waje. Na biyu, wannan fasaha ba ta soja ba ce kaɗai. Tun daga 2012 ake samun ƴan ƙananan na'urori irin wannan da ake maƙala wa kwamfuta, kuɗinsu bai wuce na ƙaramar salula ba, kuma suna iya sauraren duk maganar da ba a kulle ba. Miyagu sun san darajar sadarwa, shi ya sa rahotannin harin Inates na ranar 10 ga Disamban 2019, inda muka rasa sojoji 71, suka nuna cewa cibiyar sadarwar barikin na cikin abin da maharan suka fara lalatawa. Na uku shi ne kuɗi. Ba mu manta ba da binciken ma'aikatar tsaro da ya fito fili a 2020, wanda ya nuna asarar kusan miliyar 76 na sefa ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Rediyo ba ya fitowa a faretin soja, manhaja kuma ba a ganinta da ido, saboda haka nan ne wurin da ya fi sauƙin cin amana. Wannan kuɗi kuwa daga harajin kasuwa da na duwan yake fitowa, wato daga guminku.

Sai kuma maganar maƙwabta, wadda ita ce ta fi shafar mu mutanen gabas. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Cadi, wadda ta haɗa mu da Najeriya da Cadi da Kamaru, domin ta mai da hankali ga tsaron wuraren man fetur, bayan an kai wa bututun mai hari a yankin Tesker a watan Yunin 2024. A ɗaya gefen kuma, a Janairun 2025 an sanar da kafa rundunar sojoji 5,000 ta ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, kowace ƙasa da irin jiragenta. Siyasa tana da nata lissafin, amma ficewa daga runduna ba ta matsar da iyaka ko taku ɗaya ba. Kogin Komadugu yana nan inda yake, ƙauyukanmu da na Borno da Yobe suna nan suna kallon juna, kuma jirgin da ke bin sawun miyagu yana ƙetare iyaka cikin ƴan daƙiƙu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manyan hafsoshin sojan Nijar da Najeriya sun zauna a Yamai a watan Agustan 2024 sun sa hannu a kan takardar fahimtar juna ta fuskar tsaro, ke nan akwai tushen da za a ɗora gini a kai.

Mutanen Gidigir ba sa bukatar a faɗa musu abin da rashin tsaro ke yi wa ciniki. Babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Mirya da Gidimuni da Gidigir da Gure har zuwa Maine Sorowa da Difa, ita ce jijiyar kasuwancinmu. Lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa a Fabrairun 2015, aka hana hawa babura, aka hana cinikin kifi banda da tattasai, zafin bai tsaya a bakin Komadugu ba, ya biyo kwalta har rumfunanmu. Sojan da ba ya iya bambance mugu da na kirki, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya hana kowa motsi, ya rufe kasuwa, ya tsayar da motoci. Sojan da ke da ido da kunne kuwa yakan bar kasuwa ta ci, ya bi wanda yake nema shi kaɗai. Don haka ingantacciyar sadarwa tsakanin jirgi da ƙasa tana kare rai, tana kuma kare jari.

Saboda haka muna kira ga magabatan ƙasa da su dubi waɗannan abubuwa. Na ɗaya, duk jirgin da za a sayo nan gaba, daga kowace ƙasa, a sa a cikin kwangila cewa rediyonsa zai ji sauran jiragenmu da sojan ƙasa, kuma kada a biya kuɗin ƙarshe sai an gwada an gani a sararin samaniyarmu. Tsofaffin jirage ma a bi su ɗaya bayan ɗaya, tare da sanin cewa aikin ya wuce ɗaura akwati, akwai eriya da wayoyi da gwajin tabbatar da cewa sabon rediyo bai rikita sauran na'urorin jirgin ba. Na biyu, mabuɗin sirri ya zama a hannun ƴan ƙasa, a kuma horar da matasanmu daga makarantar EMIG ta Yamai da jami'o'in Damagaram da Maraɗi, domin su iya gyarawa da loda manhaja ba sai an jira baƙo ba. Na uku, kowace ƙungiyar sojan da ke fita daji ta kasance da mutum ɗaya aƙalla da aka horar kan jagorantar jirgi daga ƙasa, domin na'ura mai kyau a hannun wanda bai iya ba kaya ne kawai. Na huɗu, a bar zango ɗaya a buɗe dare da rana tsakaninmu da Najeriya da Cadi, ko da ana fushi da juna, a kuma yarda da kalmomin da za a yi amfani da su, tunda namu da Faransanci aka horar da su, na Najeriya kuwa da Ingilishi. Na biyar, idan kuskure ya faru a yi bincike, a faɗa wa jama'a sakamakonsa, a biya diyya, domin ɓoye kuskure shi ke sa a maimaita shi.

Ku ma ƴan kasuwa akwai naku aikin. Shugabannin kasuwa da sarakunan tasha da ƙungiyoyin mata su rubuta ranakun cin kasuwanni, da hanyoyin da ayari ke bi, da lokutan manyan taruka, su kai wa magajin gari da parefe, su kuma nemi a tabbatar musu cewa takardar ta isa ga masu tsara tashin jirage. In an sauya ranar kasuwa ko matsuguninta, a sanar. A guji sayen wayar oba-oba ta bayan fage ana yawo da ita a motocin kaya, domin zango yana da hukumar da ke raba shi, wato ARCEP, kuma mai riƙe da irin wannan waya ba izini yana iya jawo wa kansa da abokan tafiyarsa zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Sannan a ji tsoron Allah wajen kai rahoto, kada gabar kasuwa ko ta gona ta sa mutum ya laƙa wa ɗan'uwansa sunan da zai jawo wa gari guda wuta.

Muna jinjina wa sojojinmu da matuƙanmu, waɗanda da yawansu ƴaƴan talakawa ne, iyayensu na cikin waɗannan rumfuna. Babu matuƙin da zai so ya koma gida da jinin yara a wuyansa, babu kuma sojan da zai so ya ga jirgin ƙasarsa yana shawagi a kansa alhali ba shi da hanyar kiransa. Kyautar da ta fi cancanta a yi musu ita ce a ba su abin da za su ji juna da shi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu a gida da hanya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya, amin.